Cinikin Hotunan Taurarin Ɗan'adam: Inda Kamfanoni Ke Samo Hajarsu

A kasuwannin man fetur na duniya akwai 'yan kasuwar da ba sa jiran rahoton gwamnati kafin su san yawan ɗanyen man da ke ajiye a wata ƙasa. Manyan tankunan ajiya suna da murfin da ke yawo a kan man, yana yin sama idan tanki ya cika, yana yin ƙasa idan an kwashe. Daga sararin samaniya ana iya auna inuwar da bangon tanki ke yi a kan murfin, ta haka kuma a ƙiyasta gangunan da ke ciki. Wanda ya riga saura samun wannan labari shi ne ke riga su saye ko sayarwa. Wannan misali ɗaya ne daga cikin ayyukan kasuwar bayanan duba doron ƙasa, wadda ta dogara kacokan a kan taurarin ɗan'adam.

Duk mai son shiga wannan ciniki, ko a matsayin mai saye ko mai zuba jari, ya kamata ya fara da sanin inda ake samo hajar. Abubuwa uku ne ke yanke darajar hoto: kaifinsa, wato ƙanƙantar abin da za a iya tantancewa a cikinsa, yawan zagayowar tauraron a kan wuri guda, da kuma irin na'urar da ta ɗauke shi. Da wuya a sami tauraron da ya haɗa dukansu, saboda haka kamfanoni kan haɗa majiyoyi da dama a aiki ɗaya.

Majiya ta farko ita ce taurarin gwamnatoci. Amurka ta harba Landsat na farko a shekarar 1972, kuma jerin bai yanke ba har zuwa Landsat 9 da aka harba a 2021. Kowane ɗigo a yawancin hotunansa daidai yake da fili mai faɗin mita 30, kuma kowane tauraro yana komowa kan wuri guda bayan kwana 16. Tarihin farashinsa darasi ne ga masana tattalin arziki. Lokacin da aka miƙa sayar da hotunan ga wani kamfani mai zaman kansa a shekarar 1985, farashin hoto ɗaya ya haura dala dubu huɗu, masu saye kuma suka ja da baya. A 2008 gwamnatin ta mayar da su kyauta, nan da nan masu amfani da su suka ninka sau da yawa. Tarayyar Turai ta bi wannan sawu da shirinta na Copernicus, inda ta harba Sentinel-1 a 2014 da Sentinel-2 a 2015. Hotunan Sentinel-2 suna da kaifin mita 10, ana sabunta su kusan kowane kwana biyar, kuma su ma kyauta ne. Ƙananan kamfanoni masu hasashen amfanin gona da masu lura da dazuzzuka galibi a kan waɗannan suka kafa sana'arsu: ɗanyen kayan ba su biya ba, aikin tacewa da fassarawa suke sayarwa.

Majiya ta biyu ita ce taurarin kasuwanci masu kaifin gani. Faransa ce ta buɗe wannan fage da SPOT a shekarar 1986, sannan Ikonos na Amurka ya sauko da kaifin zuwa kimanin mita ɗaya a 1999. WorldView-3, wanda aka harba a 2014, yana tantance abin da bai wuce santimita 31 ba, wato ana iya ƙirga motoci a tasha ko a ga tsarin rufin gida. Kamfanin Maxar da ya mallake shi an saye shi a kan dala miliyan dubu 6.4 a shekarar 2023, kuma a 2025 sashensa na hotuna ya koma amsa sunan Vantor. A Turai kamfanin Airbus yana da Pléiades Neo mai irin wannan kaifi. A nan kuwa iya kuɗinka iya shagalinka: ana saye ne bisa murabba'in kilomita, kuma hoton da aka riga aka ɗauka aka ajiye ya fi araha a kan wanda za a juya tauraro musamman domin ɗaukarsa.

Majiya ta uku ita ce garken ƙananan taurari. Kamfanin Planet, wanda wasu tsofaffin ma'aikatan hukumar NASA suka kafa a 2010, ya zaɓi yawa a kan girma. Taurarinsa da ake kira Dove ba su fi ƙaramin akwati ba, kuma a watan Fabrairun 2017 wata roka ta Indiya ta ɗauki 88 daga cikinsu a tashi ɗaya. Kaifin hotunansu mita uku zuwa biyar ne, amma suna ɗaukar kusan dukan busasshiyar ƙasa a kowace rana. Ga mai bin diddigin girman shuka ko ci gaban aikin hanya, sabon hoto na yau ya fi masa kyakkyawan hoto na watan jiya.

Duk waɗanda aka ambata, ban da Sentinel-1, suna da rauni guda: ba sa gani cikin gajimare ko duhun dare. Wannan kuwa babbar matsala ce a Afirka ta Yamma, inda hadari ke rufe sama a daidai lokacin da amfanin gona ke girma. Maganinsa shi ne na'urar rada, wadda ke aika siginarta zuwa ƙasa ta kuma karanta abin da ya dawo. Kamfanin ICEYE na Finland da Capella na Amurka sun harba taurarinsu na farko masu rada a 2018. Kamfanonin inshora na amfani da irin waɗannan hotuna wajen auna inda ambaliya ta kai, hukumomin ruwa kuma wajen gano malalar mai da jiragen da suka ɓoye kansu. Akwai kuma masu na'urori na musamman, kamar GHGSat na Kanada da ke gano yoyon iskar gas, da na'urar VIIRS ta Amurka wadda da bayananta ake ƙiyasta gas ɗin da ake ƙonawa a rijiyoyin mai, har da na yankin Neja Dalta.

Wa ke biyan kuɗin? Duk da yawan maganar noma da inshora, gwamnatoci, musamman hukumomin tsaro, su ne manyan masu sayen hotuna masu kaifi. A watan Mayun 2022 hukumar leƙen asiri ta taurari ta Amurka ta ba Maxar da Planet da BlackSky kwangiloli na tsawon shekara goma. Wannan dogaro yana da illa ga sauran abokan ciniki. A watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da Ukraine na ɗan lokaci daga samun hotunan kasuwanci ta hanyar wani shirinta. Kayan aro ba ya rufe katara.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999. A watan Satumban 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha, mai kaifin mita 32, sai NigeriaSat-2 mai kaifin mita 2.5 da NigeriaSat-X a watan Agustan 2011. Injiniyoyin Nijeriya da aka horar a Ingila ne suka haɗa na ƙarshen. Sai dai tauraro yana da wa'adin aiki, kuma waɗannan sun daɗe da wuce shekarun da aka tsara musu.

Abin da ya fi shafar aljihun ɗan kasuwa a nan gida shi ne dokar da Tarayyar Turai ta zartar a 2023 game da sare dazuzzuka. Dokar ta shafi koko da roba da manja da gahawa da waken soya da katako da shanu, kuma ta tanadi cewa mai shigar da kayan sai ya nuna ainihin inda gonar take, ya kuma tabbatar ba a share daji domin ita ba bayan ƙarshen shekarar 2020. An ɗage fara aiki da dokar fiye da sau ɗaya, amma hotunan taurari na cikin manyan hujjojin da za a duba. Haka kuma a Kenya tun 2010 ake sayar wa makiyaya inshorar da ke biya idan hotuna suka nuna makiyaya ta bushe, ba tare da an tura jami'i ya ƙirga mushe ba.

Saboda haka duk wanda wani kamfani ya kawo wa tallar irin wannan aiki, ya dace ya yi tambayoyi huɗu kafin ya sa hannu: daga wane tauraro hoton ya fito, yaushe aka ɗauke shi, me za a yi idan hadari ya rufe sama, kuma an taɓa gwada sakamakon da abin da ke a ƙasa? Idan amsar farko ita ce Landsat ko Sentinel, to, ya sani cewa kuɗin ƙwarewa yake biya ba kuɗin hoto ba, sai ya yi ciniki bisa wannan sani.