Saƙar Zuma a Ajin Lissafi: Me Ya Sa Kusurwa Shida?

A mafi yawan makarantunmu, darasin siffofi a kan allo yake farawa, a kan allo kuma yake ƙarewa. Malam zai zana alwatika da murabba'i da da'ira, ya rubuta sunan kowace a ƙarƙashinta, ɗalibai su kwafa, su haddace yawan gefuna da kusurwoyi domin jarrabawa. Bayan shekaru kaɗan sai su iso gare mu a jami'a, mu ɗora musu ɗanyen ganye a ƙarƙashin madubin ƙara girma, mu ce su bayyana siffar abin da suke gani da dalilin da ya sa ya ɗauki wannan siffa. Da yawansu sukan iya faɗin sunan siffar, amma idan aka zo kan dalili sai a yi tsit. Laifin ba na yaran ba ne. An koya musu sunan siffa, ba a koya musu aikinta ba, alhali kuwa kowace siffa tana da abin da take iyawa wanda 'yar'uwarta ba ta iyawa. Wannan aiki shi ne ainihin halayyar siffa, shi ne kuma abin da ya kamata darasi ya tsaya a kansa.

Kayan da ake bukata domin koyar da haka ba su da tsada: kara, zare, kwali, marafan kwalaben lemo, da ɓallin saƙar zuma da aka riga aka tace, wanda ba ya wuyar samu a wurin masu ɗora amya ko masu sayar da zuma a kasuwa.

Alwatika ba ta lanƙwasa

A fara da kara. Ɗalibi ya haɗa sili huɗu masu tsawo ɗaya, ya soke mahaɗarsu da ƙananan ƙusoshi, ya sami murabba'i. Da zarar ya danna kusurwa ɗaya da yatsa, sai murabba'in ya karkace, ko da yake babu silin da ya ƙaru ko ya ragu. Sa'an nan ya haɗa sili uku ya danna. Ba za ta motsa ba sai dai karan ya karye, domin idan tsawon gefuna uku ya tabbata, to kusurwoyin ma sun tabbata, babu wata alwatika dabam da za a iya fitarwa daga waɗannan silaye. Idan ya koma ga murabba'insa ya gicciya masa sili na biyar daga kusurwa zuwa kusurwa, ya mayar da shi alwatika biyu ke nan, nan take zai tsaya ƙyam. Abin da kafinta yake yi ke nan idan yana haɗa katakon rufin kwano, shi ne kuma ake gani a jikin keke da manyan turakun ƙarfe na wutar lantarki.

Akwai halayya ta biyu da za mu bukata nan gaba. A yanko alwatika daga kwali, kowace iri ce, a yage kusurwoyinta uku a jera su baki da baki. Kullum miƙaƙƙen layi suke bayarwa, wato digiri 180. Yaron da ya yage kwali da hannunsa ya ga haka sau biyar da alwatika biyar mabambanta, da wuya ya manta.

Zare guda, fili dabam-dabam

Yanzu a ba kowane rukuni zare mai tsawon santimita 24, a ƙulle bakinsa biyu, a shimfiɗa shi a kan takarda mai gidajen dara, wadda kowane gida nata santimita ɗaya ne tsawo da faɗi. Tambayar ita ce, wace siffa za a yi da wannan zare ta kewaye fili mafi yawa? Idan aka yi alwatika mai gefuna daidai, kowane gefe santimita 8, gidajen da ke ciki kimanin 27.7 ne. Murabba'i mai gefe 6 zai ba da 36. Siffa mai kusurwa shida, kowane gefe santimita 4, za ta ba da kimanin 41.6. Da'ira kuwa ta fi su duka, da kimanin 45.8. Zaren bai canja ba, amma filin da'ira ya zarce na alwatika da fiye da rabi.

Magina na gargajiya sun daɗe da sanin wannan a aikace. Wanda ya gina kago ko rumbu a zagaye ya sami ɗaki mafi yalwa daga ƙasar ginin da ya kwaɓa, fiye da in da ya yi shi mai kusurwa huɗu da katanga mai tsawo ɗaya. A nan ne ɗalibi mai kaifin hankali zai ɗaga hannu ya ce, to in haka ne, me ya hana ƙudan zuma gina ɗakunansa a zagaye? Malamin da ya sami wannan tambaya daga bakin ɗalibi, darasinsa ya kama hanya.

Matsalar ƙudan zuma

Kakin da ake gina saƙa da shi daga jikin ƙudan yake fitowa. Ma'aikatan amya, waɗanda dukkansu mata ne, suna da wasu 'yan kafofi guda 8 a ƙasan cikinsu, inda kakin yake tsattsafowa ɓarɓashi-ɓarɓashi, su tauna shi ya yi laushi, su yi gini. Kaki abu ne mai tsada a wurinsu, domin masu kiwon zuma sun ƙiyasta cewa sai sun sha zuma kilo 6 zuwa 8 kafin su samar da kaki kilo 1. Saboda haka duk kakin da aka ɓarnatar a gini, abincin rani ne aka rage. Suna bukatar dubban ɗakuna a jere, wasu na ajiyar zuma, wasu na renon 'ya'ya, kowane faɗinsa kimanin milimita 5, da katanga wadda kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba.

A sa ɗalibai su jera marafan kwalba a kan tebur, su matse su iyakar matsewa. Za su lura da abu biyu. Na farko, kowane marfi marafai shida ne suke kewaye da shi, ba biyar ba, ba bakwai ba. Na biyu, duk yadda aka matsa, akwai 'yan giɓɓa tsakaninsu, waɗanda suke cinye kusan kashi 9 cikin 100 na filin. Da'ira gwana ce idan ita kaɗai ce, amma ba ta iya zaman maƙwabtaka: tana barin giɓi, kuma kowace sai ta yi katangarta ita kaɗai. Ƙudan zuma yana bukatar siffar da za ta rufe fili ba giɓi, yadda kowace katanga za ta yi wa ɗaki biyu aiki.

A nan digiri 180 ɗin nan zai yi mana rana. Duk inda kusurwoyin ɗakuna suka haɗu a ɗigo guda, dole jimlarsu ta cika zagaye ɗaya, wato digiri 360. Bari mu gwada siffofin da gefunansu da kusurwoyinsu suke daidai da juna. Kusurwar alwatika 60 ce, shida sun cika 360. Ta murabba'i 90 ce, huɗu sun cika. Siffa mai kusurwa biyar tana rabuwa zuwa alwatika uku, jimla 540, kowace kusurwa 108. Uku sun ba da 324, saura giɓin 36, huɗu kuma sun hau kan juna. Mai kusurwa shida tana rabuwa zuwa alwatika huɗu, jimla 720, kowace kusurwa 120, uku sun cika 360 cif. Daga nan zuwa sama kusurwa ta wuce 120, uku sun yi yawa, biyu sun yi kaɗan. Ashe siffofi uku ne kacal suka tsallake: alwatika, murabba'i, da mai kusurwa shida. Gwajin zare kuwa ya riga ya nuna mana wadda ta fi kewaye fili a cikin ukun. In an juya lissafin, ɗaki mai filin gida 100 zai ci katanga santimita 45.6 in alwatika ne, 40 in murabba'i ne, 37.2 in mai kusurwa shida ne.

Wannan hujja ba sabuwa ba ce. Pappus, masanin lissafi na birnin Iskandariya a ƙasar Masar, ya rubuta ta a ƙarni na huɗu Miladiyya. Sai dai hujjarsa ta tsaya ne ga siffofi masu miƙaƙƙun gefuna daidai. Idan fa aka yarda katanga ta lanƙwasa, ko a gauraya siffofi iri-iri, ko za a sami tsarin da ya fi? Wannan tambaya ta gagari masana har zuwa shekarar 1999, lokacin da Thomas Hales na Jami'ar Michigan a Amurka ya tabbatar da cewa babu wata hanyar raba fili zuwa ɗakuna masu girma ɗaya da ta fi kusurwa shida tsimin katanga. Yana da kyau ɗalibai su ji waɗannan shekaru biyu, su auna tazarar da ke tsakaninsu, domin da yawansu suna zaton lissafi abu ne da aka gama tun zamanin kakanni.

Kada a ce ƙuda ya iya lissafi

A matsayina na mai nazarin halittu, ina jan hankalin malamai game da wata magana da ake yawan yi, wai ƙudan zuma injiniya ne da ya san digiri 120. Ƙuda ba ya auna kusurwa. A hura kumfar sabulu a kan faranti, a bar ƙwayoyin kumfar su matsu: inda duk katanga uku suka haɗu, a kan digiri 120 suke haɗuwa, kumfa kuwa ba ta da ƙwaƙwalwa. Abubuwa masu laushi, masu girma ɗaya, idan suka matsi juna, kusurwa shida suke komawa. Shi ya sa ake ganin wannan siffa a idon ƙuda da na mazari, inda ɗaruruwa ko dubban ƙananan idanu suke jere kamar saƙa. Game da ita saƙar zumar, masana sun kasu biyu: wasu suna ganin ɗakunan a zagaye suke farawa, ɗumin jikin ƙudan ya tausasa kakin ya ja kansa zuwa kusurwa, wasu kuma suna ganin ƙudan ne yake sassaƙa katangun da kansa har su miƙe.

Saƙar ma ba cikakkiya ba ce ta fuskar lissafi. Tana da fuska biyu, ɗakuna suna juya wa juna baya, kuma gindin kowane ɗaki an rufe shi da 'yan falle uku masu kusurwa huɗu da suka haɗu kamar bakin dala. A shekarar 1964 wani masani ɗan ƙasar Hangari, László Fejes Tóth, ya nuna cewa akwai wani tsarin gindi da zai fi wannan tsimin kaki, ko da yake ribar ba ta kai ko kashi 1 cikin 100 ba. Haka nan ɗakunan ba a kwance suke sosai ba, bakinsu yana ɗan ɗagowa sama domin kada zuma ta zube, abin da lissafin fili bai ce komai a kansa ba.

Saboda haka idan an kawo ɓallin saƙa aji, kada a tsaya ga sha'awar kyanta. A ba ɗalibai rula su auna faɗin ɗakuna goma a jere, su raba da goma, su kwatanta amsarsu da ta sauran rukunai. Sa'an nan a sa su nemi inda tsarin ya karye. A wurin da ƙananan ɗakunan ma'aikata suka haɗu da manyan ɗakunan da ake renon maza, za su tarar da ɗakuna masu gefe biyar da masu gefe bakwai, galibi kusa da juna. Su zana su a littafi, su lissafa jimlar kusurwoyin kowanne ta hanyar raba shi zuwa alwatika, su zo da bayanin abin da ya tilasta wa ƙudan barin kusurwa shida a daidai wannan wuri.