Yadda Masana Suka Leƙa Cikin Ƙwayar Yisti

Yistin nan da masu gashin burodi ke zubawa a kwaɓin fulawa domin ya kumbura, halitta ce mai rai. Sai an jera wajen ƙwaya 200 kafin su cika milimita ɗaya. Tun a shekarar 1680 wani mutumin Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya gan ta a madubin ƙara girma, amma abin da ke cikinta ya daɗe yana gagarar masana.

Dalili kuwa shi ne wata ƙa'ida da Bajamushen nan Ernst Abbe ya bayyana a 1873, watau kome kyan madubi, muddin da haske yake aiki, ba zai rarrabe abubuwa biyu da tazararsu ta kasa nanomita 200 ba, wato kashi ɗaya cikin 5,000 na milimita. Alhali kuwa gaɓoɓin da ke aiki cikin yisti da yawansu ba su kai haka ba.

Fiye da shekara ɗari ana ganin wannan iyaka ba ta ƙetaruwa. A shekarar 2000 ne Stefan Hell ya ƙetare ta a Jamus, yisti mai rai kuwa yana cikin abubuwan da ya fara gwadawa da su. A 2006 Eric Betzig na Amurka ya fito da wata dabara mai ban sha'awa. Mai hangen kasuwar dare daga nesa haske ɗaya yake gani a cakuɗe, amma in da za a riƙa kunna fitilun ɗaya bayan ɗaya, lalle zai gane mazaunin kowace. Haka ake yi wa furotin: a liƙa masa sinadari mai ƙyalli, kaɗan su haskaka a lokaci guda, a ɗauki hoto dubbai, sa'an nan kwamfuta ta harhaɗa. Su biyun, tare da William Moerner, suka sami kyautar Nobel a 2014.

A 2018 wasu masana a birnin Heidelberg suka duba wurare fiye da 100,000 inda fatar yisti ke lotsawa ciki domin haɗiye abu daga waje. Sun tarar wasu furotin suna jeruwa kamar zobe kewaye da wurin, daga nan ƙarfin jan fatar ke tasowa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga likitoci, domin ƙwayoyin jikin ɗan Adam ma da irin hanyar nan suke haɗiya, ta nan kuma wasu ƙwayoyin cuta ke kutsawa. Sai dai kafin a sami waɗannan hotuna, sai da aka sandarar da yistin da magani.