Hoto Ma Karatu Gare Shi: Abin Da Yaran Gaya Ke Buƙata A Lakwal

Duk wanda ya taɓa saye da sayarwa a Gaya ya san cewa gari ne da labari ke da tsada. Kogin Kwara ne kawai ya raba shi da Malanbil ta ƙasar Benin, ga kuma Kamba ta Jihar Kebbi nan kusa. Saboda haka kalma ɗaya a kan iyaka, an rufe ko an buɗe, tana iya sauya kuɗin buhun masara ko dilar gwanjo kafin azahar. A da daga bakin direbobi da 'yan kamasho muke jin irin wannan labari, mu auna mutumin da ya kawo shi. Yanzu kuwa a salula yake zuwa, da hoto da murya, kuma sau da yawa ɗanmu ɗan lakwal ne ke miƙo mana wayar yana cewa, "Inna, duba ki gani."

Idan ba a manta ba, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da aka rufe gada, manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanbil, mutane suka koma ƙetarewa da kwalekwale, wani bidiyo ya zagaya wayoyi. An nuno wani mutum yana kuka, aka ce ministan kuɗi ne sojoji suka ba wa'adin awa 48 ya faɗi inda dukiyar ƙasa ta shiga. Masu bin diddigi suka gano cewa Marou Amadou ne, tsohon ministan shari'a, kuma tun 2021 aka ɗauki hoton a wajen wani taro da ba shi da alaƙa da juyin mulki. Hoton na gaskiya ne, hawayen ma na gaskiya ne, rubutun da aka liƙa masa ne ƙarya. Da yawanmu mun tura wa 'yan'uwa, har da waɗanda suka yi boko mai zurfi.

Abin mamaki shi ne, Nijar na cikin ƙasashen Afirka na farko da suka shigar da hoto cikin aji. A 1964, tun ƙasar ba ta da gidan talabijin na jama'a, aka fara talabijin ta 'yan makaranta a Yamai tare da taimakon Faransa. Cikin 'yan shekaru ajujuwa 22 ne ke kallo, yara kimanin 800. Ana nuna gajerun darussa, sannan a kashe akwatin, mai kula da aji ya tsaya da yara su tattauna abin da suka gani. Waɗannan masu kula da aji ba manyan malamai ba ne, takardar firamare gare su da ɗan horo na watanni. A ƙauyukan da babu lantarki har da hasken rana aka riƙa kunna akwatunan. Shirin ya tsaya a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da Télé Sahel ta fara aiki.

A ganinmu, ba akwatin ne abin koyi a nan ba, kashe shi da ake yi a yi magana ne. Malamin Gaya na yau ba ya buƙatar jiran kayan aiki daga Dosso ko Yamai. Wayarsa ta isa. Ya nuna wa yara bidiyo na minti biyu, ya tsayar, ya tambaye su: wa ya ɗauka, a ina yake tsaye, me ya bari a bayansa bai nuna ba? Lambar motar nan ta wace ƙasa ce? An ce jiya ne, to me ya sa ciyawa ke kore alhali muna cikin rani? Ya cire muryar, su kalli hoton kurum, su ga ko labarin na nan. Ranar da ya ba su wayar su ɗauki kasuwa sau biyu, ɗaya ta gefen da ke cike maƙil, ɗaya ta gefen rumfunan da babu kowa, ranar za su gane cewa mai ɗaukar hoto zaɓi yake yi.

Kuma ba mu rasa finafinan gida da za a koyar da su ba. Akwai na Oumarou Ganda, wanda ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, akwai zane mai motsi na Moustapha Alassane da ya rasu a 2015. Yaranmu sun haddace 'yan wasan Kano da na Indiya, amma ƙalilan ne suka taɓa jin waɗannan sunaye.

Wani zai ce ajin da babu isassun tebura ina shi ina fim? Gaskiya ne, kuma akwai iyayen da ke tsoron abin da za a nuna wa 'ya'yansu, tsoron da ba mu raina ba. Sai dai yaran suna kallo ko mun so ko mun ƙi, a gidan kallo da wajen mai cajin waya, inda babu babban da zai ce musu uffan.

Ku mata 'yan kasuwa kun riga kun iya wannan karatu. Ba a sayar muku da atamfa sai kun juya bayanta, kun duba bakinta, kun murza ta a hannu. Da yawanku kuna cikin ƙungiyar iyaye mata ko kwamitin kula da makaranta na unguwa. Idan an kira taro na gaba, bayan maganar alli da kuɗin gyaran aji, sai a tambayi darakta ko zai ware awa ɗaya a mako domin wannan darasi, kuma wane malami ne zai fara.