Dokar Zaɓe da Masu Jefa Ƙuri'a

Ranar zaɓe ba kowa ke fita ba. Wani aikin gona ya tsare shi, wani nisa ya hana shi. Amma doka ta fi waɗannan ƙarfi, gama ita ke faɗin wanda zai jefa ƙuri'a, da yadda zai jefa ta.

A zaɓen 1951 talakan Arewa bai zaɓi ɗan majalisa da hannunsa ba. Maza masu biyan haraji su taru a ƙauye su fid da wakili. Wakilan ƙauyuka su taru a gunduma su fid da nasu. Haka ake ta hawa har lardi. Kafin a kai sama, muryar mutumin ƙauye ta ɓace.

A 1959 an riga an sake doka. Kowane ɗan takara da akwatinsa, an manna alamar jam'iyyarsa: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. Mutum ya shiga shi kaɗai ya jefa takardarsa. Ko bai iya karatu ba, ai ya san fartanya, kuma ba mai ganin inda ya jefa. Jama'a suka fita ƙwarai. Sai dai a Arewa maza kaɗai aka yarda wa, su ma sai mai shekara 21. Matan Kudu suka jefa, namu suna gida. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri a gwagwarmayar neman 'yancin mata. Ba a ba su dama ba sai 1976. A 1979 kuma aka sauko da shekarun zuwa 18.

To, ku lura da wannan, don yana da ɗaure kai. A 2003 an ce cikin mutum 100 masu rajista, 69 sun jefa. A 2015 aka kawo na'urar duba katin zaɓe, sai lissafi ya faɗi zuwa 44. A 2023 ya koma 27. Mutane sun ƙi fita ke nan? Wasu sun ƙi, don sun fid da rai. Amma ina ganin lissafin dā akwai cushe a cikinsa. Na'ura ta sa dangwala wa wanda bai zo ba ya yi wuya, shi ya sa adadin ya ragu.

Akwai kuma wanda dokar ta tsare. Wanda ya yi rajista a Sakkwato, ya tafi cin rani Ikko, ba zai jefa a can ba, sai in ya nemi a mayar da sunansa tun da wuri.