Dalilin da Ya Sa Izinin Gini Yakan Yi Jinkiri: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Akwai wani kuka da ya yawaita a ƙofar hakimai, watau kukan masu neman izinin gini. Mutum ya sayi fili, ya tara bulo da yashi, ya kai takardunsa ofis, sa'an nan ya zauna wata da watanni ba amsa. Waɗansu sukan ɗauka akawu ne ya danne musu takarda, waɗansu kuwa su ce ana jiran a ga hannunsu ne. Ba a ce ofis ba ya da nasa nawa ba. Amma sau da yawa cutar tana cikin zanen ginin ne, tun kafin ya iso ofis. An rubuta wannan takarda domin hakimai da malamansu su san inda gizo ke saƙa, su kuma iya yi wa talakawansu bayani.

ASALIN DOKAR

Neman izini kafin a yi gini a birane ba sabon abu ba ne. An yi dokar birane a shekarar 1917, aka yi ta tsara gari da ƙauye a 1946. A 1978 aka kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta danƙa filayen birni a hannun Gwamna, na karkara kuwa a hannun ƙaramar hukuma. A 1992 aka sake yin dokar tsara birane ta ƙasa baki ɗaya, sa'an nan a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara gari da ba da izinin gini aikin jihohi ne. Shi ya sa kowace jiha take da hukumarta da ƙa'idodinta, kamar KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna. Saboda haka abin da aka karɓa a wata jiha ba lalle ne a karɓe shi a wata ba.

HANYAR DA TAKARDA TAKE BI

Abin da mutane ke kira zanen gida ba takarda guda ba ce. Akwai taswirar safiyo mai nuna iyakar fili. Akwai zanen da ke nuna inda ginin zai zauna cikin filin. Akwai na ɗakuna da ƙofofi da tagogi, da na fuskokin gidan, da wanda ke nuna shi kamar an yanka shi daga rufi zuwa ƙasa. Akwai kuma na injiniya, mai nuna harsashi da ginshiƙai da yawan rodi. In ginin babba ne, a ƙara da na wutar lantarki da na ruwa.

Ba mutum guda ke duba su ba. Wani ya duba takardun mallakar fili, wani ya duba tsarin unguwa, wani ya duba ɗakuna, injiniya ya duba ƙarfin ginin, sa'an nan a tura ma'aikaci ya je ya ga filin da idonsa. In ɗaya daga cikinsu ya ga kuskure, sai a tsai da aikin a mayar wa mai shi. Gyaran takarda guda kuwa yakan jawo gyaran sauran, gama duk a ɗaure suke da juna. Kafin a gyara a komo, waɗansu sun shiga gaba. Ta haka kuskuren da za a gyara cikin yini guda yakan ci wa mutum wata biyu.

KURAKURAN DA AKA FI SAMU

Na farko, saɓanin awo tsakanin takardar ciniki da taswirar safiyo. Mutanenmu har yanzu da ƙafa suke cinikin fili, ofis kuwa da mita yake aiki. Fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100 shi ne mita 15.24 da mita 30.48. In an auna da taki ko da igiya mai miƙewa aka rubuta ƙafa 50, safiyo ya zo ya tarar da ƙafa 46, to, gidan da aka zana bisa awon farko ba zai shiga filin ba.

Na biyu, rashin barin tazara. Doka ba ta yarda a cika fili da gini har bakin iyaka ba, domin iska da haske, da hanyar ruwa, da kuma tsaron gobara. Ga misali. A ce faɗin fili mita 15.24 ne, an zana gida mai faɗin mita 13, hukuma kuwa ta ce a bar mita ɗaya da rabi kowane gefe. Mita 13 da mita 3 sun zama 16, watau gidan ya fi wurinsa. Ba makawa sai an rage ɗakuna, in an rage ɗakuna kuwa sai injiniya ya sake lissafinsa. Har wa yau akwai tazarar da ba ta gida da gida ba ce. Manyan wayoyin lantarki masu ƙarfin kilobolt 330 ana bar musu fili mai faɗin mita 50, masu kilobolt 132 kuwa mita 30. Haka kuma ba a gini a kan hanyar ruwa ko bakin babban titi.

Na uku, lambobin awo da ba su dace da juna ba. Yawanci akan yi zanen ɗakuna bisa ma'aunin 1:100, watau santimita guda a takarda mita guda ke nan a ƙasa. Mai dubawa yakan tara tsawon ɗakuna da kaurin bango ya ga ko sun yi daidai da jimlar da aka rubuta. Bulo mai inci 9 kaurinsa milimita 225 ne, mai inci 6 kuwa 150. In mai zane ya mance da kaurin bango, ko ya gauraya inci da milimita, jimla ba za ta fita ba.

Na huɗu, saɓani tsakanin mai zanen ɗakuna da injiniya. Wannan yakan faru ne in mai gida ya sake shawara bayan an gama aiki. Ya ce a faɗaɗa falo, ko a mai da ɗaki shago, aka gyara takarda guda aka bar ɗayar. Sai a ga ginshiƙi ya faɗo tsakiyar ƙofa, ko bangon bene ya zauna inda babu abin da zai ɗauke shi a ƙasa. Wani kuwa zanen ɗakuna ya nuna hawa uku, harsashi na hawa biyu ne.

Na biyar, zanen aro. Mutum ya ga gidan abokinsa ya ba shi sha'awa, ya karɓi zanen ya sa aka sake suna. Alhali kuwa fili ba ya zama ɗaya da fili. Harsashin da ya isa a kan marmara ba zai isa a fadama ba, balle a kan kududdufin da aka cike da shara, ko baƙar ƙasa mai kumbura da damina ta tsage da rani. Shi ya sa akan nemi sakamakon gwajin ƙasa kafin a yarda da babban bene.

Na shida, abin da aka bari ba a nuna ba: ramin masai da nisansa daga rijiya, inda ruwan sama zai bi ya fita, alamar arewa, lambar fuloti, ko lambobin duwatsun iyaka.

Na bakwai, rashin hatimi. Masu zanen gine-gine suna da majalisar da ke yi musu rajista, ARCON, wadda aka kafa a 1969. Injiniyoyi suna da tasu, COREN, tun 1970. Zanen da ba ya ɗauke da hatimi da sa hannun mai rajista, ba wanda za a kama in ginin ya rushe, saboda haka akan mayar da shi komai kyansa. Wanda ya guje wa kuɗin gwani ya tafi wurin mai sauƙi, ƙarshenta ya biya sau biyu. Araha ba ta ado.

ME YA SA AKE TSANANTAWA?

Domin rai ne ke ciki. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya rushe, mutum fiye da 40 suka rasu. A ranar 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos, aka rasa rai 22, yawancinsu ɗalibai. Kuskure a takarda da alƙalami ake gyara shi. In ya shiga cikin kankare, sai da guduma, in ma an yi sa'a an gane shi da wuri.

Jinkiri kuma hasara ce ga mai gini. Rani ya wuce, damina ta sauka a kan ramin harsashi. Simintin da aka ajiye ya sha danshi ya daskare, farashin rodi ya tashi, magina sun kama wani aiki. Nan ne waɗansu sukan fusata su fara gini ba izini, sai a zo a shafa wa bangon jan fenti, a tsai da aiki, wani lokaci a rushe. Sauri ya haifi nawa ke nan.

ABIN DA AKE ROƘON HAKIMAI DA MALAMANSU

Ba a ce hakimi ya zama injiniya ba. Amma cinikin fili a gaban masu unguwa da dagatai yake farawa, can ne kuwa ake shuka yawancin rikicin.

1. Kada a sa hannu a takardar ciniki sai an auna filin da tef a gaban maƙwabta, an rubuta tsawon kowane gefe na huɗun, da ƙafa da mita.

2. Malamin hakimi ya lura sunan mai fili ya zama iri ɗaya a takardar ciniki da taswirar safiyo da zanen gini. Harafi guda yakan tsai da takarda.

3. A gargaɗi jama'a su fara zuwa ofishin tsara gari su tambayi tazarar da ake bukata a unguwarsu, da irin ginin da aka yarda a yi a wurin, kafin su biya kuɗin zane.

4. Mai gida ya gama shawara da iyalinsa tukuna. In ya sake wani abu, a gyara takardun duka tare.

5. In an mayar da zane, mai shi ya roƙi a rubuta masa dukan kurakuran a takarda, ya kai wa wanda ya zana, a gyara su gaba ɗaya.

6. Kuɗin hukuma a biya shi ta hanyar da hukuma ta tsara, a karɓi rasit. Toshiya ba ta mai da zanen banza na kirki.

7. Zanen da aka buga wa hatimin izini shi za a bi wajen gini, a kuma ajiye kwafinsa a wurin aikin.

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Muna fata hakimai za su sa a karanta wannan bayani a majalisarsu, dagatai da masu unguwa kuma su kai shi ga jama'a kafin lokacin gini ya kama.