Kafin ka rabu da gilashi

Ka gaji da gilashi, ko? A aji ba ka ganin allo sai da shi, in ka gama alwala sai ka yi ta laluben inda ka ajiye. Sai ga tallan LASIK a Instagram, ranka ya biya.

Ga yadda ake aikin: likita zai ɗaga wata siririyar fata a gaban ƙwayar ido, ya sassaƙe ƙarƙashinta da hasken leza, ya mayar da ita. Da haka ake gyara matsalar ganin nesa ko na kusa, yawanci cikin ƙasa da minti 30.

Amma fa ba kowa ake yi wa ba. Sai ka cika shekara 18, kuma lambar gilashinka ta shekara ba ta canza ba. Mai juna biyu sai ta dakata. In gaban idon ba shi da kauri, ba a taɓa shi.

Bayan aikin ido kan bushe, balle da hunturu, wasu kuma kan ga zobe kewaye da fitilu da dare. 'Yan mata, a ajiye kwalli sai likita ya yarda. Kuma in ka haura shekara 40, gilashin karatu na iya dawowa.

Don haka je wajen likitan ido a auna ka sosai tukuna.