ƊAWISUN MAƘWABCI YA ADDABI KAJINKA? GA YADDA NA YI DA NAWA

Yau ba maganar abinci ko rigakafi zan yi ba. Wani abu ne da ya faru da ni a nan Ƙofar Sauri, cikin birnin Katsina, wanda ya kusa raba ni da maƙwabcin da muka shekara fiye da goma ba mu taɓa sa-in-sa ba. Kuma duk a kan tsuntsu ɗaya: ɗawisu.

Ina da kajin ƙwai 150 a bayan gida, da tankin tamfol ɗaya na tarwaɗa, da 'yar fadamar zogale da alayyafo. Maƙwabcina dattijo ne mai son tsuntsayen ado, sai ya sayo ɗawisu namiji ya sake shi a tsakar gida. Kwana uku ba a yi ba ya haye katanga. Da farko har daɗi muka ji, yara suna ta kallo in ya baza jela. Ashe wahala ce ta shigo.

Kullum da safe yana bakin buhun dusa. Zogalen da na dasa ya tsinke masa kai tas. Kashi kuwa har a bakin tankin kifi. Amma babbar ɓarnar ranar wata Laraba ce da magariba: ya diro bisa kwanon ɗakin kaji, ya ƙwala kukan nan nasa. Kaji suka firgita, suka ruga lungu ɗaya suka danne juna. Kafin in zo in warware su, bakwai sun mutu. Satin nan gaba ɗaya ƙwai ya ja baya. Wallahi a daren nan har na ɗauko danƙo. Allah Ya sa ban harba ba.

ME YA SA YAKE ZUWA GIDANKA?

Sai ka san halin tsuntsu kafin ka iya da shi. Ɗawisun da ake kiwo a nan asalinsa daga Indiya da Siri Lanka yake, kuma tun 1963 shi ne tsuntsun ƙasa na Indiya. A can dajin, yini yake yana yawon kiwo a ƙasa, da yamma ya hau itace mai tsawo ya kwana. To a cikin gari kwanonka da katangarka su ne itacensa. Abu huɗu ke jawo shi:

1. Abinci. Yana cin hatsi, ƙwari, ganye mai taushi, har ƙananan ƙadangaru. Inda ya samu abincin kaji a zube, ya samu gida.
2. Wurin kwana mai tsawo. Duk nauyin jelar nan, yana tashi sama sosai.
3. Neman mace. Namijin da aka ajiye shi kaɗai ya fi yawo da kuka, musamman lokacin barbara.
4. Abu mai sheƙi. In ya ga kansa a gilashin taga ko jikin mota, ɗauka yake wani namiji ne, sai ya hau sara da karta.

HAƊARIN DA BA A GANI DA IDO

Mutuwar kaji bakwai ta yi min ciwo, amma abin da ya fi tsorata ni shi ne cuta. Tsuntsun da yake sauka gida biyar a yini, ƙafarsa da kashinsa suna ɗauke da abin da ya tako. Fakat, wato Newcastle, tana kama ɗawisu kamar yadda take kama kaza. Haka ma murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Najeriya a watan Fabrairun 2006 a wata gona a jihar Kaduna. Kai ka kashe kuɗi ka yi Lasota da Gumboro a kan lokaci, sannan ka bar baƙon tsuntsu yana sa baki a mazubin ruwanka? Ai an yi ba a yi ba.

Sannan ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: shi ma ɗawisun yana cikin haɗari. Akwai cutar da ake kira baƙin kai, wadda take lalata hanta da hanji. Kaji sukan ɗauke ta ba tare da sun nuna alama sosai ba, tana fita cikin ƙwan tsutsar ciki ta kashinsu, ta daɗe a cikin ƙasa. Amma talo-talo da ɗawisu in suka tsince ta, sai ka ga sun yi sanyi, fiffike ya saki, kashi ya koma ruwan ɗorawa, sau da yawa su mutu. Ku riƙe wannan, don da ita na shawo kan maƙwabcina.

ABIN DA NA YI A GIDANA

Kafin in je wa kowa da ƙorafi, sai da na gyara nawa. Buhunan abinci na mayar da su ɗaki na rufe. Na daina zuba wa kaji komai a waje, abin da ya zube a share nan take. Na ja raga a saman tankin kifi da kan shukar, na toshe duk wata kafa tsakanin bango da kwano da waya. Na hana yara watsa masa gero, don su ne ma suka fara saba masa. In ya sauko, ruwa nake watsa masa da tiyo. Ba ya jin ciwo, amma ba ya so. Na kuma sa ƙaramar fitila mai hasken rana a ɗakin kaji daga magariba, don sun fi danne juna in suka firgita cikin duhu.

Don Allah kada wanda ya sa guba ko tarko. Gubar nan kajinka ko akuyar wani ko yaro ne zai iya ɗauka. Kuma ɗawisu dukiya ce mai tsada, in ka kashe shi kai da ake bi haƙuri ka koma wanda ake bi bashi.

YADDA MUKA YI DA DATTIJON

Ban aika yaro ba, ban kuma yi maganar a majalisa ba. Bayan la'asar na same shi a zaure shi kaɗai, muka gaisa sosai. Na ce, "Baba Alhaji, wata 'yar magana ce ta kawo ni a kan tsuntsun nan naka. Tsoro nake ji kada ya ɗauki cuta a wurin kajina ka yi asara." Na yi masa bayanin baƙin kai. Sai daga baya na nuna masa hoton kajin da suka mutu a waya.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Subhanallahi! Ɗana, me ya hana ka faɗa min tun ranar?" Ya ce zai biya, na ce a'a, gyara nake nema. Da na shiga da faɗa, na tabbata da amsar da zan samu daban. In da bai saurare ni ba, mataki na gaba shi ne in nemi wani dattijon da yake jin nauyinsa, in ta ƙi sai mai unguwa. Ba a fara wa da hukuma a kan abin da zaure zai iya kashewa.

Ga abin da muka yi tare:

• Keji mai rufin raga, tsawonsa ya kai mita 2, da faɗin da zai juya ya baza jela ba ta karye ba.
• Sanda mai kauri a sama don kwana.
• Ya zauna a ciki sati 6 zuwa 8 ba fita, har ya san nan ne gidansa.
• An rage dogayen gashin fiffike ɗaya da almakashi. Ɗaya kawai, kuma ban da sabon gashi mai jini. Ku sani gashin yana sake fitowa, kuma ko an rage yana iya tsallake gajeriyar katanga, don haka ba ya maye gurbin keji.
• Likitan dabbobi ya ba shi maganin tsutsar ciki.
• Daga baya Alhaji ya sayo masa mace.

Gaskiya kukan bai daina ba, don halittarsa ce. Amma yanzu daga can yake yi, ba bisa kan kajina ba, kuma sun saba.

Wanda ke shirin sayen ɗawisu, gina keji kafin ka kawo shi, don tsuntsu ne da kan shekara 15 ko fiye. Wanda kuma na maƙwabci ke damunsa, rufe abincinka tukuna, sannan ka je zaure da ladabi. Asarar kaji bakwai ana mayar da ita cikin wata ɗaya, amma zumuncin maƙwabci in ya tsage, ɗinkinsa sai an sha wuya.

Akwai wanda ya taɓa fama da irin wannan, ko da zabi ko tantabarun maƙwabta ne? Ku faɗa mana yadda kuka yi, wani zai ƙaru. Allah Ya sa albarka a kiwonmu.